Hanci Ma Makaranta Ne: Kwana Biyu a Garin Turare

A ɗakin karatuna akwai wata 'yar durowa da babu littafi ko ɗaya a cikinta. Kwalaben turare ne guda 19 da na tara tun ina ɗalibi. Akwai Bintu Sudan da na saya a Kasuwar Kurmi, da man udu da wani aboki ya kawo mini tsaraba daga Umara, da farin almiski mai kauri kamar madarar gwangwani, da na Turawa masu feshi. A can ƙurya kuma akwai wata ƙaramar kwalba marar suna, wadda aka liƙe bakinta da leda kafin a murɗa murfin. Humrar mahaifiyata ce, Allah Ya jiƙanta. Ita kaɗai ce ban taɓa shafawa ba. Buɗewa nake yi in shaƙa, in mayar in rufe.

A farkon 2021 cutar korona ta kama ni. Zazzaɓin bai daɗe ba, amma da zai tafi sai ya tafi da hancina. Ana soya albasa a gidan, sai dai in ji ƙarar mai. Duk wannan bai dame ni ba sai ranar da na buɗe kwalbar Hajiya na kai hanci, na ji kamar ruwan famfo nake shinshinawa. Na daɗe a bakin gado riƙe da kwalbar. Kukan da ban yi ba ranar jana'izarta, a ranar na yi shi.

Wani likita abokina ya ba ni shawarar da ake ba masu irin wannan lalura: in samu abubuwa huɗu masu ƙamshi daban-daban, irin su lemun tsami da kanumfari, in riƙa shaƙarsu safe da yamma ina tuna yadda suke a da. Bayan kamar wata biyu hancin ya fara dawowa. Daga nan ne muka ƙirƙiro wani wasa da 'yata. Sai ta ɗaure mini ido da gyalen mahaifiyarta, ta ɗiga turare a takarda ta kawo mini, ta ce, "Abba, wanne ne wannan?" Ranar farko na ci 7 cikin 19. Na ɗora laifin a kan cutar. To amma har bayan na warke sarai, ban taɓa wuce 10 ba. Turarukan nawa ne, da kuɗina na sayi yawancinsu, wasu na yi shekaru ina shafawa ranar Juma'a. Idan aka kawo takardar nakan ji a raina cewa na san shi, har in tuna rigar da na saba sa shi da ita, amma sunan ya ƙi zuwa. Wannan tambaya ce na riƙe har Allah Ya kai ni garin da ya mayar da ita sana'a.

A watan Mayun bara na halarci wani taron masana harsuna a birnin Nis da ke kudancin Faransa. Da aka tashi, ina da kwana biyu kafin jirgina, sai na shiga jirgin ƙasa zuwa Grasse, wanda ake furtawa Giras. Tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintuna. Jirgin yana bin gaɓar Bahar Rum har Cannes, garin bikin finafinai, sannan ya juya wa teku baya ya nufi tuddai. A aljihun jakata akwai 'yar kwalbar da na tsiyayo humrar Hajiya kaɗan a ciki. Ban san takamaiman abin da zan yi da ita ba, na dai ɗauko ta.

Wanda ya ji ana ce wa Giras babban birnin turare na duniya zai zaci da ya sauka tasha ƙamshi zai tarbe shi. Hayaƙin motar bas na fara shaƙa. Tashar tana gindin tudu, tsohon garin kuma yana can sama, sai an yi ta hawa. Mutanen garin ba su wuce 50,000 da kaɗan ba. Lungunansa matsattsu ne, gidaje dogaye masu launin ƙasa-ƙasa sun haɗe kai har rana ba ta cika sauka ƙasa ba, ga shanya a tagogi, ga Larabawan Arewacin Afirka zaune a ƙofar shaguna suna shan shayi. Ban da sanyin iska da ƙarar ƙararrawar coci, da sai in ce wani lungu ne a cikin birnin Kano.

Kamar da garin ya yi da Kano ba ta tsaya a lungu ba. Kafin Giras ta san turare, garin majema ce. A wani dandali da ake kira Place aux Aires, inda yau masu yawon buɗe ido ke cin abinci a gindin bishiyoyi, nan ne majema suke wanke fatu a ruwan da ke ratsa wurin. Duk wanda ya taɓa bi ta Majema a Ƙofar Wambai ya san abin da hanci ke gamuwa da shi a inda ake jima. Fatar Giras ta yi suna, amma manyan Turai ba sa son warin safar hannun da ake yi da ita. Sai majeman suka fara turara fatar da man furanni. A ƙarni na 17 sana'ar safar hannu mai ƙamshi ta zama abin yayi a fadar sarakunan Faransa. Da haraji ya yi wa fata yawa kuma yayin ya wuce a ƙarshen ƙarni na 18, sai aka bar fatar aka riƙe ƙamshin. Na tsaya a dandalin ina tuna cewa fatar jar akuyar Sakkwato da ta Kano ita ce ta ratsa Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Garuruwa biyu sun fara da ƙirgi. Ɗaya ya fitar da wata sana'a daga cikin warin, ya kuma kafa sunansa a kanta, ɗayan ko sunan fatarsa wani ne ya ɗauke.

Na kwashe yinin farko a gidan tarihin turare na garin, wanda aka buɗe a 1989. Akwai manyan tukwanen tagulla da ake tatsar man fure da tururi. Akwai kuma wasu faranta na gilashi masu katako a gefe, na wata tsohuwar dabara mai ban mamaki: a shafa kitse mai tsabta a gilashin, mata su jera furen yasmin ɗaya-ɗaya a kai, a bar shi kitsen ya zuƙe ƙamshin, a kwashe a sa sabo, haka har tsawon makonni, daga baya a wanke kitsen da sinadarin alkohol a fitar da ƙamshin. An yi haka ne domin yasmin ba ya jure zafin tukunya. Kashegari da safe na je lambun gidan tarihin a Mouans-Sartoux, 'yar tafiya kaɗan daga garin, na tarar da furen wardin da suke kira wardin Mayu yana tsakiyar buɗewa. Sau ɗaya yake fure a shekara, na 'yan makonni. Yasmin kuwa daga Agusta zuwa Oktoba ake tsinkarsa, da hannu, da sassafe kafin rana ta yi zafi. Kamfanin Chanel, wanda turarensa mai lamba 5 ya fito tun 1921, ya ce a kwalba ɗaya mai mililita 30 ta ainihin turaren akwai furen yasmin 1,000 da wardi 12, daga gonakin wani iyali a Pégomas, kusa da Giras.

Da yammacin ranar na shiga ajin da wasu gidajen turaren garin ke shirya wa baƙi. Manyan gidajen da aka fi sani su ne Galimard da Molinard da Fragonard, amma akwai ƙanana. Mu tara ne a ajin da na shiga. Kowa aka zaunar da shi gaban wani teburi mai hawa-hawa kamar matattakala, cike da ƙananan kwalabe. Malamar, dattijuwa ce da ta haura 60, ta ce a sana'arsu ana kiran gwanin haɗa turare da kalmar Faransanci mai ma'anar hanci, kamar dai a ce sauran jikinsa rakiya ya yi. Ta fara da jarrabawa. Ta tsoma siraran takardu a kwalabe goma da aka rufe sunayensu, ta raba mana. Na gane lemo, na gane kanumfari, na gane sandal. Ta huɗu ta tsaya mini a maƙogwaro. Na san ta sani na haƙiƙa, har ina ganin kantin da ke kusa da makarantarmu ta firamare. Da ta ce banila ce, sai na tuna biskit ɗin da muke saye a kantin. Na ci 4 cikin 10, kuma ban zo na ƙarshe ba.

Malamar ta ce kada kowa ya ji kunya, domin hancin kowa a ajin lafiyarsa lau. Abin da ya bambanta ta da mu shi ne ta yi shekaru tana ɗaura wa kowane ƙamshi suna. Ɗalibin wannan sana'a yakan haddace ɗaruruwan sinadarai, kowanne ya rubuta a littafinsa abin da ya tuna masa, ya koma ya shaƙa gobe, ya kwatanta shi da maƙwabcinsa. Wanda ya tsara wannan hanyar koyarwa shi ne Jean Carles, mutumin Giras, wanda ya kafa makarantar turare a garin a 1946. Ana ba da labarin cewa a ƙarshen rayuwarsa hancinsa ya daina ji, amma ya ci gaba da haɗa turare daga abin da ke kansa. Da na ji wannan sai na tuna watanni biyun da na yi ba hanci. Shi ya adana ƙamshi a cikin suna da lissafi, don haka da hancin ya tafi bai tafi da komai ba. Ni kuwa da nawa ya tafi, ban da kwalba babu abin da ya rage a hannuna.

Ilimin kimiyya ya yi bayanin wani ɓangare na wannan. A 1991 Linda Buck da Richard Axel suka gano dangin ƙwayoyin halittar da ke samar da na'urorin karɓar ƙamshi a cikin hanci, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2004. Ɗan'adam yana da irin waɗannan na'urori kusan iri 400. Kowane ƙamshi yana taɓa wasu daga cikinsu a tare, kamar yadda baƙaƙe kaɗan ke haɗuwa su ba da kalmomi masu yawa. Saƙon kuma yana isa da sauri ga sassan ƙwaƙwalwa masu kula da tunawa da motsin zuciya. Shi ya sa kantin firamare ya riga kalmar banila zuwa. Tun kafin kimiyya, mun taso da ƙissar Annabi Yaƙub, wanda ya ji ƙamshin ɗansa Yusuf tun ayarin da ke ɗauke da rigar bai iso ba.

Sauran bayanin yana fannina, wato harshe. An daɗe ana cewa ɗan'adam ba ya iya kiran sunan ƙamshi, haka aka halicce shi. Sai a 2014 Asifa Majid da Niclas Burenhult suka wallafa bincikensu a kan al'ummar Jahai, mafarauta a dazukan Malesiya. Harshensu yana da kalmomi na musamman na nau'o'in ƙamshi da wari, kamar yadda muke da ja da baƙi da kore, kuma sun iya kiran sunan abin da suka shaƙa da sauƙin da suke kiran launi, alhali masu jin Ingilishi da aka gwada sun yi ta kame-kame. A jirgin dawowa na zauna ina lissafa namu. Hausa ba matalauciya ba ce a nan. Muna da wari da ɗoyi, muna da ƙarni na kifi da jini, da zarni na fitsari, da ƙauri na abin da ya ƙone, da hamami na bunsuru. Yaro ɗan shekara biyar ba zai kira ƙauri zarni ba. Amma da an juyo ɓangaren daɗi, kusan kalma ɗaya ce ke ɗauke da kayan duka: ƙamshi. Na sandal ƙamshi, na miya ƙamshi, na ƙasa bayan ruwan farko ƙamshi. Mun rarrabe abin da muke gudu dalla-dalla, abin da muke so kuma mun tara shi a buhu ɗaya. Ashe ba mamaki in tsaya a 10 cikin 19.

Bayan an tashi daga aji na jira kowa ya fita, sannan na fito da 'yar kwalbata na ce, "Madam, don Allah ki shinshina mini wannan." Ta tsoma takarda, ta kaɗa ta a iska, ta rufe ido. Ta ce akwai sandal mai yawa kuma tsoho ne, akwai kanumfari, akwai mahlab, akwai almiski, akwai hayaƙin itace, sannan an zuba wani turaren kanti mai wardi a kai. Duk ta faɗi daidai da abin da na sha ji a bakin mata a gidanmu. Sai ta yi shiru, ta sake shaƙa. Ta ce a can ƙasa akwai wani abu da ke riƙe sauran, yana da alamar teku, yana da alamar dabba, kuma an gasa shi. Ta ce ba ta da shi a teburinta.

Farce take nufi. Matanmu sun san shi sarai. Murfin bakin wani dodon koɗi ne na teku, wanda ake kawowa daga wajajen Bahar Maliya, kuma siffarsa ce ta sa ake kiransa farce. Sai an jiƙa shi an kankare, an wanke har ƙarnin ya fita, an soya, an daka, kafin ya shiga humra ko turaren wuta, inda yake sa ƙamshi ya kama tufa ya daɗe. Na yi mata bayani gwargwadon Faransancina. Ta ɗauko littafinta ta rubuta. Sannan ta yi mini tambayar da har yau take cina: wa ya haɗa wannan, kuma ina aka rubuta yadda ake haɗa shi?

Wata Bashuwa ce a Maiduguri, aminiyar Hajiya, take haɗa mata duk shekara ta aiko. Ba ta taɓa shiga aji ba. Da hanci take gane sandal na gaske da na jabu, da hanci take sanin humra ta nuna ko da saura. Rikicin da ya ɗaiɗaita Borno ya raba ta da gidanta, daga baya muka ji rasuwarta, 'ya'yanta kuma kowa ya kama gabansa. Ba a rubuta komai ba. Abin da ya rage na iliminta, a iya sanina, shi ne abin da ke cikin durowata, kuma bai kai yatsa biyu ba.

Mai karatu, a 2018 hukumar UNESCO ta sa ilimin turare na yankin Giras a jerin al'adun da duniya ta gada, tun daga noman furen har haɗa turaren. A Versailles akwai ma'ajiya mai suna Osmothèque da aka kafa a 1990, inda ake adana turaruka, har da waɗanda aka daina yi, tare da bayanin haɗinsu. Mu kuwa daga Maiduguri zuwa Njamena zuwa Omdurman muna da mata masu hancin da ba zai ji kunya a gaban teburin Giras ba, masu sanin hawi da gabgab da kajiji, da wanda ake fara sawa da wanda ake jira ya kwana. Ko Bintu Sudan da muke ɗauka namu, wani kamfanin Ingila mai suna W. J. Bush ne ya fito da shi a 1920, bisa ƙamshin da mutanen Sudan suke so. Su suka rubuta, su suka yi rajista, mu muke saye.

Na san abin da za a ce. Kasuwar turaren wuta ba ta taɓa bunƙasa kamar yau ba, ga ta nan a Instagram da kowane gidan biki. Gaskiya ne, kuma abin farin ciki ne mata suna samun na kansu. Amma a tambayi tsofaffin ko nawa ne cikin masu sayarwar za su iya haɗa humra ba tare da man kanti da aka shigo da shi a jarka ba. Za a kuma ce haɗin sirri ne, shi ne jarin mai shi, ba za ta faɗa wa ɗan jami'a ya buga a littafi ba. Wannan ma gaskiya ne, kuma haƙƙinta ne. Sai dai gidajen turaren Giras sun fi kowa ɓoye sirri, amma a rubuce suke ɓoye shi, a littafin gida, domin ya wuce mai shi. Ba lallai a wallafa ba. A rubuta a ba 'yarta ta ajiye. Abin da ya shafi kowa kuwa, wato sunayen itatuwa da saiwoyi, da kalmomin da masu sana'ar ke amfani da su a tsakaninsu wajen bambanta ƙamshi da ƙamshi, wannan aikin ɗalibanmu ne na sassan Hausa da Kanuri da tarihi da kimiyyar sinadarai. Ina da yaƙinin kalmomin da na ce Hausa ba ta da su, wasunsu suna nan a bakin waɗannan mata, ba mu je mun tambaya ba ne. Bikin kamun kifi na Argungu ya shiga jerin UNESCO a 2016, hawan sallar Kano ya shiga a 2024, don haka hanyar ba baƙuwarmu ba ce.

Da na dawo gida na sayi littafi mai bango mai kauri. Yanzu kafin 'yata ta ɗaure mini ido, sai mu shaƙi turare ɗaya tare, kowa ya faɗi abin da ya ji, mu rubuta. Ita ta ce man udu yana ƙamshin tsohuwar adaka, farin almiski kuma ƙamshin jariri bayan wanka. Da waɗannan sunaye na kai 15 cikin 19. A hutun da ya wuce na je wurin Goggo, ƙanwar Hajiya, da na'urar ɗaukar magana, na ce ta gaya mini duk abin da ta tuna na haɗin humrar nan. Ta yi dariya ta ce, "Kai da digirinka uku, yau kuma kayan mata kake nema?" Amma ta zauna ta lissafo, har da yawan kwanakin da ake binne kwalbar a rufe kafin a buɗe. Mun cika shafi huɗu.

Kwalbar Hajiya ba ta cikin wasan, ban taɓa yarda a ɗiga ta a takarda ba. Ran nan dai na buɗe na miƙa wa 'yata ba tare da na ce komai ba. Shekararta huɗu lokacin da kakarta ta rasu. Ta shaƙa sau ɗaya, ta ɗago kai ta ce, "Abba, wannan ai ɗakin Hajiya ne." Na ce ta ɗauko littafin ta rubuta haka, da hannunta, ta sa kwanan wata.